Ƙwaryar Inno

Maradun, ranar Lahadi.

Zuwa ga kawuna, Malam Mamuda, a Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Gwaggo da dukan mutanen gida. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baban Misbahu yana gaishe ka, surukata Iya ma ta ce a miƙa gaisuwarta.

Kawu, ka ga inda zamani ya maishe mu. Tun da aka katse layukan waya sai ga ni da biro da takarda, kamar lokacin da nake makarantar kwana. Ɗanlami direba ya ce duk ranar da ya samu mai ya yi lodin Mafara, zai riƙa ajiye maka saƙona a gida.

Ka san an rufe makarantu saboda halin da ake ciki. Zaman ya ishe ni, kuma ina tausayin yaran da jarrabawa ke gabansu. Sai na roƙi Iya ta ba ni zauren gida, na shafa wa wani katako baƙin fenti, 'yan matan unguwa suna zuwa bayan la'asar muna yin lissafi.

To mun iso firakshan na aljabara, kuma a nan muka cije. In na ba su biyu su haɗa, wasu sai su tara na sama su tara na ƙasa kamar masu haɗa kashin tumatir. Masu dama-dama su ninka na ƙasan gaba ɗaya, abu ya yi tsawo ya cika allo, su ɓace a tsakiya. Na yi bayanin yadda ake nemo ƙaramin na ƙasa da zai ɗauke su duka har muryata ta dishe. Don Allah ka rubuto mini yadda kake koyar da shi lokacin da kake aji, ko Allah zai sa su gane.

Akwai kuma wata yarinya da nake so in ba ka labarinta. Ba 'yar unguwarmu ba ce. Wata rana na juyo daga allo kawai sai na gan ta zaune can bakin bango, inda haske ba ya kaiwa sosai. Ban ji sallamarta ba, yaran ma sun ce ba su ji ba. Siririya ce, da alama Bafillatana, ba za ta wuce sha biyar ba. Hijabin jikinta ya yi mata yawa, irin na tsofaffi ne, kuma ba takalmi a ƙafarta. Na tambayi sunanta, ta ce Inno. Na ce ɗiyar gidan wa? Ta ce, "Nan baya." Na ba ta takarda da fensir.

Kawu, ita kaɗai ce take samun amsa. Amma hanyarta daban. Sai ta zana ƙwarya a gefen takarda, ta fasa kowane na ƙasa, ta riƙa zuba su ciki ɗaya-ɗaya. Ban taɓa ganin haka a littafi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kullum tana barin wurin mutum ɗaya a gefenta kan tabarma. In wata ta matso za ta zauna, sai ta ce a hankali, "Da mutum." In ta gama aikinta a takarda, sai ta sake yin shi da yatsa a ƙasa, daidai wurin nan da ba kowa, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai koya wa wani. Na ba ta ƙosai ta ƙi karɓa. Fensir ma sai na ajiye a ƙasa take ɗauka.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarka,
Taiba.

*

Talata Mafara, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Taiba.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Takardarki ta iso ni ina zaune ƙofar gida, na kuwa yi murna ƙwarai. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ran da ta so ta bar ni in je masallaci, ran da ba ta so ba in yi salla a ɗaki. Ki gaida maigidanki da Iya da kyau. Allah ya saka miki da alheri kan abin da kike yi wa yaran nan.

Game da tambayarki, kada ki fara da harafi. Ki fara da lamba. Ki ba su 1/4 da 1/6. Wadda ta ninka huɗu da shida ta sami ashirin da huɗu, kada ki ce ta yi kuskure, ki ce ta ɗauko kaya fiye da buƙata. Ki nuna musu cewa huɗu biyu ce sau biyu, shida kuma biyu ce sau uku. Akwai biyu guda da suka yi tarayya a kai, ba a lissafa ta sau biyu. Shi ya sa sha biyu ta isa.

In wannan ya zauna musu, sai ki kawo 1/(x + 2) da 3/(x² − 4). Doka ta fari, ba a taɓa komai sai an fasa na ƙasa zuwa ƙwayoyin da aka ninka aka same shi. Na farko ba ya fasuwa. Na biyu kuwa (x − 2)(x + 2) ne. Yanzu yaro da kansa zai ga cewa (x + 2) tana cikin duka biyun, saboda haka ƙaramin na ƙasa da zai ɗauke su shi ne (x − 2)(x + 2). Sai ki tambaye su, na farko me ya rasa kafin ya kai nan? Ya rasa (x − 2). A ninka masa ita sama da ƙasa. In an haɗa na saman, (x − 2) da 3, a sami (x + 1). Kuma ki saba musu da rubuta cewa x ba za ta zama 2 ko −2 ba, domin ba a raba abu da sifili.

Zancen ƙwarya kuwa, ba hanyata ba ce, amma na san mai ita. Ƙawarki ce Hanifa, wadda kuka yi kwalejin ilimi tare, da ke koyarwa a Bakura. Bara ta zo gaishe ni ta zana mini ita a ƙasa da tsinke, tana dariya tana cewa abin da ke cikin ƙwarya ba a sake zuba shi. Ina jin yarinyar ɗalibarta ce. Mutane da yawa sun tashi daga garuruwansu bana, ba abin mamaki ba ne a ga ɗiyar Bakura a Maradun. Na rubuta wa Hanifa na kwafa mata abin da kika faɗa, na ba wani mai kai taki wajensu.

Wurin da take bari a tabarma, ki ƙyale ta da shi. Yaran wannan lokaci sun ga abin da mu ba mu gani ba har muka tsufa.

Allah ya yi muku albarka, ya kawo mana zaman lafiya.

Kawunki,
Mamuda.

*

Bakura, ranar Asabar.

Taiba aminiyata,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gida, ya Misbahu, ya Iya? Ki yi haƙuri ban tsawaita gaisuwa ba. Tun da takardar Malam ta zo na karanta, na kasa cin abinci.

Taiba, ƙwaryar nan aji ɗaya tak na taɓa koya wa ita, kuma saboda yarinya ɗaya na ƙirƙiro ta. Sunanta Inno Mukhtar. Iyayenta Fulani ne da sunka daɗe zaune wajen Birnin Tudu, suna noma suna kiwo. Kafin ta zo aji sai ta kai nono gari, har ƙamshin man shanu take yi. Tana da ƙwaƙwalwa, amma firakshan ya hana ta sakat. Ran nan na ce mata, ke da kike zuba nono kullum, zana mini ƙwarya. Abin da ke ciki kada ki sake zubawa, abin da babu ki ƙara. Daga ranar ba ta sake faɗuwa ba.

Inno ta rasu, Taiba. Ni da ƙafata na je ta'aziyya.

Cikin daminar nan, lokacin da gulbi ya cika, 'yan bindiga sunka faɗa wa ƙauyukan da ke hayinsu. Mutane sunka gudo bakin ruwa, aka cika jirgi ɗaya fiye da kima, mata da yara. Yana kai tsakiya ya kife. Mahaifiyarta Dija da ƙanenta Isa suna jirgin baya, suna kallo. Bayan kwanaki ruwa ya kawo wasu gawarwaki gaci. Fuska ba ta ganuwa, amma ɗaya tana sanye da hijabin makarantarmu, kuma Dija ta gane ɗinkin da ta yi masa da jan zare inda ƙaya ta taɓa yagawa. Aka yi mata salla aka rufe ta.

Akwai abin da ban so in rubuta ba, amma dole. Bayan an share makoki, wata rana da tsakar rana Isa ya fita bayan gidan da aka sauke su, sai aka ji ya ƙwalla ƙara. Ya ce ga Inno nan tsaye bayan danga, kanta ba ɗankwali, tana kallonsa ba ta ƙyafta ido. Mutane sunka fito da duwatsu suna karatu. Wasu sun ce sun ga abu ya shige cikin gero, wasu sun ce ba su ga komai ba. Yaron ya kwanta zazzaɓi, sai da aka yi ta yi masa addu'a. Tun daga nan ba mai ambaton sunanta a gidan.

Na gaya wa kaina wataƙila wata 'yar ajin ce take amfani da sunan. Amma duk 'yan ajin nan na san inda suke.

Don Allah ki duba mini abu biyu. Inno tana da tabo a kan girar hagu, inda saniya ta taɓa ta da ƙaho tana ƙarama. Sannan in ta zana ƙwarya, sai ta yi mata 'yan zare-zare a baki kamar wadda ta tsage aka ɗinke, domin haka ta mahaifiyarta take. Ba wanda ya koya mata wannan, kuma ba wadda ke yi sai ita.

Ki riƙa addu'a kafin ki shiga zauren nan. Ki rubuto mini da wuri. Allah ya tsare mu.

Taki,
Hanifa.

*

Maradun, ranar Alhamis.

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma, ina fata kowa lafiya. Na gode da bayanin lissafi, ya yi aiki sosai, har wadda ta fi kowa baya ta fara ganewa. Amma ba shi ya sa na rubuto ba. Ga takardar Hanifa na haɗo maka, ka fara karanta ta.

Kawu, da na gama karantawa na ɗauko takardun da yarinyar ta bari. Duk ƙwaryar da ta zana da ɗinki a bakinta. Washegari da ta zo, na kasa kallonta sai da na yi ta maza. Ta sunkuya tana rubutu, hijabin ya ɗan zame, ga tabon nan a girar hagu. Alli ya faɗi daga hannuna. Ta ɗago ta dube ni, ta koma tana yi wa wurin da ba kowa bayani.

Da aka tashi na bi ta daga nesa. Rana ta yi sanyi amma da sauran haske. Ba ta bi cikin gari ba. Ta ɗauki hanyar bayan gari, wadda ke wucewa ta gefen maƙabarta, kuma a tafe ma gefen hanya take bi, kamar akwai wanda ta bar wa tsakiya. Daidai inda dawa ta yi tsawo ta rufe hanya, na ɗauke ido kaɗan saboda ƙaya ta kama mini zane. Da na ɗago babu ita. Ganyen dawa ko motsi ba ya yi. Na juyo gida ban san yadda ƙafata ta kawo ni ba.

Kuskuren da aka samu, ina gaya wa Baban Misbahu a tsakar gida, ashe wata daga cikin yaran ta dawo ɗaukar littafinta ta ji. Kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka. Yau kwana biyu ba wadda ta zo karatu. Wata ta ce ba ta taɓa ganin inuwarta ba, wata ta ce tabarmar tana yin damshi in ta tashi. Iya ta turara zauren ta ce in rufe shi.

Amma ita tana zuwa. Jiya na leƙa ta ƙofar ciki na gan ta zaune ita kaɗai tana kallon allo, tana jira. Na kasa shiga. Ta daɗe, sannan ta tashi ta share wurinta da hannu ta fita.

Ga kuma wata sabuwa. Samarin da ke sintiri a unguwa sun tare Baban Misbahu. Su ba su yarda da zancen aljana ba. Sun ce baƙuwar Bafillatana da ba a san gidansu ba, tana shiga cikin 'yan mata tana fita ta bayan gari, to aiko ta aka yi ta ga yawansu ta kai wa 'yan bindiga labari daji. Sun ce za su jira ta a hanya su ji daga bakinta. Ka san yadda zukata suke yanzu.

Kawu, ban san wanne zan ji tsoro ba. Ka gaya mini abin yi.

Ɗiyarka,
Taiba.

*

Talata Mafara, ranar Juma'a.

Ɗiyata Taiba,

Wa alaikumus salam. Na roƙi Ɗanlami ya jira ni in rubuta wannan, ki yi haƙuri da gajartarta.

Wanda Allah ya karɓi ransa ba ya dawowa. Wannan kin sani, Hanifa ma ta sani. Ba na musun akwai abin da idonmu bai gani, amma abin da ya hana ni natsuwa shi ne yarinyar nan ta zama mutum, mai jini da tsoka, ga kuma samari suna jiran ta a hanya. In haka ne, ba ku da lokaci.

Maigidanki ya tafi wurin liman da mai unguwa yau, ya ce yarinyar baƙuwar gidansa ce, kada wanda ya taɓa ta. Ke kuma in ta zo, ki yi bisimilla ki shiga. Kada ki tambaye ta ko wacece, za ta gudu. Ki ba ta wannan: 1/(x² − 4) + 1/(x² − 4x + 4). Na biyun in an fasa shi (x − 2)(x − 2) ne, ƙwaya ɗaya ta zo sau biyu a gida ɗaya, wato a na ƙasa ɗaya. Dokar Hanifa ba ta isa nan ba, kuma ina zaton ba su kai wurin ba aka rufe makaranta. Za ta zuba (x − 2) sau ɗaya ta tsaya. Wannan zai ba ki dalilin zama kusa da ita. Ki kama hannunta da fensirin ki gyara mata, kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya.

Abin da kika ji a hannunki, shi za ki yi aiki da shi.

Allah ya tsare ki, ya tsare ta.

Kawunki.

*

Maradun, ranar Litinin.

Hanifa ƙawata,

Salamu alaikum, ina gaisuwa, ya mutanen gida? Na bar takardar nan a buɗe don Kawu ya karanta kafin ya aiko miki. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Ranar Asabar ta zo. Na yi addu'a na shiga. Na rubuta mata aikin da Kawu ya bayar. Ta fasa na ƙasan duka biyu daidai, ta zana ƙwaryarta, ta zuba (x − 2), ta zuba (x + 2), ta tsaya. Ta gwada, na biyun ya ƙi shiga. Ta goge ta sake, ya ƙi. Na ga goshinta ya tattare, ta fara tauna gindin fensir. Wallahi Hanifa ban taɓa murna da kuskuren ɗaliba kamar ranar ba.

Na je zan zauna a gefenta, ta ce, "Da mutum." Na zagaya ɗaya gefen. Na ce, "Dubi nan. Wannan gidan (x − 2) biyu yake so, ke kuma ɗaya ce a ƙwaryarki. Ba don kin gan ta a ciki ba shi ke nan. Ki duba gidan da ta fi yawa, ki zuba daidai da shi." Na miƙa hannu.

Ta janye da sauri. "Malama, kar ki taɓa ni."

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Sun ce na mutu. Sun yi mini salla. Ni ma ban sani ba."

Ban tsaya tunani ba na cafke wuyan hannunta. Sanyi ƙalau kamar randa, har tsigar jikina ta tashi, na kusa saki. Amma na riƙe. Can ƙarƙashin yatsana na ji jijiya tana bugawa da sauri. Na ɗora yatsanta a wurin na ce, "Ji nan. Wannan ta mai rai ce." Ta saurara ta daɗe. Sai ta fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji ba, har Iya ta fito da gudu.

Ga abin da ta faɗa mana. Da jirgin ya kife ruwa ya tafi da ita nesa, tana rungume da wani icce. Masunta suka tsamo ta, ta yi ta jinya a wurinsu ba ta san inda kanta yake ba. Da ta ji sauƙi ta yi ta tambaya har ta gano inda aka sauke mahaifiyarta. Ta tsaya bayan danga tana neman yadda za ta shiga ba mayafi, sai Isa ya gan ta. Ta ce ta buɗe baki ta kira shi murya ta ƙi fita. Ta ji ana cewa matacciya ta dawo, dutse ya same ta a kafaɗa, ta shiga gero da gudu. Ta zo Maradun neman wata innarta, ta tarar sun tashi. Wata tsohuwa mai daddawa, Nagode, da ke can bayan gonakin dawa, ita ta ɗauke ta, ta ba ta hijabinta, ta hana ta faɗin asalinta don tsoron mutane. Tsohuwar ba ta gani sosai. Inno ta ce shi ya sa ko taɓawar tsohuwar ba ta gamsar da ita ba, ta ɗauka don ba ta ga ko mece ce ita ba ne. Wata rana ta zo wucewa da tallan daddawa ta ji ina faɗin x a zaure, ta shigo.

Na tambaye ta wurin da take bari a tabarma. Ta ce a cikin jirgin akwai wata yarinya sa'arta, 'yar wani ƙauye, da zane kawai ta gudo, tana rawar sanyi. Inno ta cire hijabinta ta sa mata. Yarinyar ta shafa shi ta ce, "Boko kike? Me ake koya muku?" Inno ta ce in sun haye za ta nuna mata. Ko sunanta ba ta tambaya ba. Ta ce, "Tun ran nan tana gefena, Malama. Ba ta magana. Jira take."

Iya, wadda ta ce in rufe zaure, ita ta dama fura ta ba ta a baki. Da samarin suka zo ƙofa, liman ya riga su isowa, Iya kuma ta tsaya ta ce duk mai son yarinyar ya fara da ita. Suka watse. Inno tana ɗakin Iya yanzu, an gaya wa Nagode.

Ki tafi wurin Dija. Ki zo da ita ko da roƙo ne.

Taki,
Taiba.

*

Bakura, ranar Lahadi.

Zuwa ga Malam Mamuda.

Assalamu alaikum, Malam. Ina gaisuwa da girmamawa. A gafarce mu, mun ratsa ta Mafara ba mu tsaya ba, direba yana gudun yamma ta yi mana a hanya.

Dija ta ƙi da farko. Ta ce, "Malama, ni na riƙe ƙafarta ana zuba mata ruwa." Sai da mijinta Malam Mukhtar ya sa baki ta bi ni.

A zauren Taiba aka haɗa su. Dija ba ta matsa ba, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi tambaya ɗaya da Fulatanci, Inno ta amsa. Sai ta jawo ta, ta zame mata hijabi, ta sa hanci cikin gashinta. Mu muka fita muka ba su wuri.

Inno tana gida. Isa bai yarda ya zauna kusa da ita ba tukuna, amma jiya an gan shi ya miƙa mata ruwa.

A hanyarmu ta dawowa Inno ta yi barci a cinyar mahaifiyarta. Muka yi ta tafiya har muka wuce gonakin shinkafa. Sai Dija ta juyo ta ce mini a hankali, "To Malama, ƙafar ɗiyar wa na riƙe?"



Malam, Mafara cike take da waɗanda sunka gudo. In ka ji labarin wata uwa da ke neman ɗiya siririya, sa'ar Inno, da ta shiga jirgi da zane kawai, a gaya mata ta zo Birnin Tudu. Dija ta ce za ta sa a nuna mata kabarin. Ta ce a gaya mata an wanke ɗiyar da kyau, kuma mutane da yawa sun yi mata salla.

Allah ya ƙara girma. Wassalam.

Ɗalibarka,
Hanifa.